Me "Take" Take Nufi A Turanci?

Akwai wata kalma mai harufa huɗu da sabon mai karatu yake yawan cin karo da ita. Harufan su ne T, A, K, E. Tana jikin kwalin magani. Tana jikin robar maganin feshi. Tana fitowa a gilashin na'urar cirar kuɗi ta banki. Tana cikin takardar da yaro yake kawowa gida daga makaranta.

Wanda ya koyi karatun Hausa, da ya gan ta zai karanta ta ba gargada. Zai ce "ta-ke". Ai kalmar gida ce. Akwai taken sarki da makaɗa suke kaɗawa. Akwai taken ƙasa. Akwai "nan take". Akwai take wa mutum ƙafa a cunkoson kasuwa. Akwai kuma tambayar da ake yi idan ana neman mace, a ce "ina take?"

To, amma idan rubutun da ya kewaye ta Turanci ne, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ake nufi ba. Harufa ne kawai suka zo ɗaya. Bature ba ya furta harafin ƙarshen. Shi "teik" yake cewa. A bakin mutanen Nijeriya kuwa ta fi kama da "tek". Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe. Wanda ya ga kalmar a kwalin magani ya zaci "nan take" ake nufi, yana iya shanye maganin kwana 3 a zama ɗaya.

Abu na biyu ya fi wannan girma. A firamare ana koya wa yara cewa "take" ita ce ɗauka. Malami ya ajiye littafi a kan tebur, ya ce "take", yaro ya ɗauka. Ba ƙarya aka koya masa ba. Sai dai zaure aka nuna masa, ba a shiga da shi cikin gida ba. Babban ƙamus na Turanci da ake kira Oxford, a bugunsa na 1989, ya jera wa wannan kalma guda ma'anoni fiye da 300. Ɗauka ɗaya ce kawai daga ciki.

Bahaushe ma haka yake yi

Kafin a ce Turanci ya cika rikici, a dubi Hausa tukuna. Ga kalmar "ci". Ranar kasuwar Dutsin-Ma, mutumin Kuki yana iya furta ta sau ashirin bai kai komai baki ba. Kasuwa tana ci. Mai awaki ya ci riba. Wani ya ci bashi don ya sayi taki. Wani ya ci amanar abokinsa. An ci wani tara. Ɗan wane ya ci jarrabawa. Wane ya ci zaɓe. Wuta ta ci rumbu. Ginin ɗaki ya ci kuɗi. Aikin rijiya ya ci kwana goma.

Haka 'yar'uwarta "sha". Ana shan ruwa, ana shan fura. Amma ana shan rake da mangwaro, alhali tauna su ake yi. Ana shan taba. Ana shan iska. Ana shan wahala, ana shan rana, ana shan kaye a kokawa. Mutum yana shan alwashi. Idan kuma aka ce wane ya sha zuwa Kurfi, ana nufin ya je sau da yawa.

Masana harshe sun daɗe suna sha'awar waɗannan kalmomi biyu. Wani Bafaranshe mai suna Claude Gouffé ya yi rubutu a kansu tun 1966. A 2009 kuma Philip Jaggar na Landan da Malami Buba, wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, suka fitar da nasu nazarin. Abin da suka nuna shi ne, "ci" ta fi tafiya da rinjaye, wato mutum ya fi ƙarfin abu. "Sha" kuwa ta fi tafiya da abin da ya auka wa mutum. Wanda ya yi nasara ya ci yaƙi. Wanda aka rinjaya ya sha kashi. Ba kullum abin yake zama haka ba, don ana cewa ɓarawo ya ci duka. Amma galibi haka ne.

Duk da wannan yawan ma'ana, Bahaushe ba ya rikicewa. Idan aka ce wance ta ci kasuwa, ba mai zaton ta tauna rumfuna. Me ya sa? Saboda kunne ba ya tsayawa a kan "ci". Yana jiran kalmar da za ta biyo baya. Ita ce take faɗin inda aka dosa.

To, "take" ma haka take. Ita kaɗai ba ta gama magana. Sai an ga abokin tafiyarta. Wani abin sha'awa kuma, a wurare da yawa idan aka juya ta zuwa Hausa, "ci" ko "sha" take zama. "Take a loan" shi ne cin bashi. "Take a bribe" shi ne cin hanci. Idan mayaƙa suka yi "take" ɗin gari, cin garin suka yi. "Take an oath" kuwa shan rantsuwa ne. Ran 29 ga Mayu, 2007, Ibrahim Shema, mutumin Dutsin-Ma, ya sha rantsuwar kama aikin gwamnan Jihar Katsina. A Turanci za a ce "he took the oath". Ba abin da ya ɗauka ya tafi da shi gida.

A lura da wannan "took". Kalmar tana sake kama. Idan aikin ya wuce, sai ta koma "took", ana furta ta "tuk". Akwai kuma "taken", ana furta ta "tekin", ba ruwanta da taken sarki. Akwai "taking" da "takes". Duk uwa ɗaya ce ta haife su.

A wurin magani

Nan ne ya fi kamata a buɗe ido, don nan ne kuskure yake taɓa rai.

A kwalin magani "take" sha take nufi. Ko na ruwa ne, ko ƙwaya ce, Bature "take" yake cewa. Ba ya cewa a ci magani, ba ya cewa a sha ƙwaya da kalmar da yake shan ruwa da ita. Amma sanin wannan bai isa ba. Kalmomin da suke biye da ita su ne suke ɗauke da nauyin maganar. "One" ɗaya ne, "two" biyu, "three" uku, "four" huɗu. "Tablet" ƙwaya ce. "Once" sau ɗaya, "twice" sau biyu. "Daily" kowace rana. Saboda haka "take two tablets twice daily" na nufin a sha ƙwaya biyu, sau biyu a rana. Wato huɗu ke nan a yini, amma ba a haɗe ba.

Ga misali da maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ba gidan da bai san shi ba idan damina ta sauka. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorakwin a matsayin maganin farko na wannan zazzaɓi, ta koma ga waɗanda ake kira ACT. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Coartem da ire-irensa. Wannan magani yana zuwa da ƙarfi iri-iri. Akwai wanda aka rubuta 20/120 a jikinsa. Shi babban mutum, mai nauyin kilo 35 zuwa sama, ƙwaya 4 yake sha, sau biyu a rana, har kwana 3. Ƙwaya 24 ke nan. Akwai kuma wanda aka rubuta 80/480. Shi ƙwaya ɗaya ake sha, sau biyu a rana, har kwana 3. Ƙwaya 6 ke nan.

A dubi haɗarin da ke nan. A ce magidanci ya saba da na farko. Bana aka ba shi na biyu. Ya duba kwali, ya ga "take", ya ce ai na san wannan, ya haɗiye huɗu. Ya sha ninki huɗu na abin da ya kamata ke nan. Wani kuma ya saba da mai ƙarfin, aka ba shi ƙaramin, ya riƙa shan ɗaya-ɗaya. Zazzaɓin ya lafa, bayan 'yan kwanaki ya dawo, ya ce magani jabu ne. Alhali kalmar da ta biyo bayan "take" ce bai karanta ba. Na yara kuwa da nauyinsu ake auna shi, ba da ido ba.

Sau da yawa ana ƙara "with food" ko "after food". Na farko tare da abinci, na biyu bayan an ci abinci. "Before food" kafin a ci. Shi maganin zazzaɓin da aka ambata ya fi shiga jiki idan an sha shi da madara ko abinci mai maiƙo. Ba don ado aka rubuta ba.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci ƙarama ce ƙwarai. Ita ce "not". Idan ta zo kusa da "take", ta juya maganar gaba ɗaya. "Do not take" na nufin kada a sha. "Not to be taken" na nufin wannan ba na sha ba ne sam. Ana ganin irin wannan a kwalbar maganin shafawa da na wanke rauni. Mai gaggawa idonsa yana faɗawa kan kalmar da ya sani, ya tsallake wadda bai sani ba. Gara a bi layin da yatsa tun daga farkonsa.

Likitoci kuma suna da nasu gajerun rubutu da suka samo daga Latin. "b.d." sau biyu a rana. "t.d.s." sau uku. "Nocte" da dare. Wannan ko 'yan sakandare da yawa ba su san shi ba, balle wanda ya fara karatu bara. Don haka ba abin kunya ba ne a tambaya. Dattijo yana iya ce wa mai ba da magani a asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, "Malam, karanta mini wannan, ka faɗa mini da Hausa." Shi kuma ya ce, "Baba, ɗaya da safe, ɗaya da dare, kwana uku. Ko ka ji sauƙi kada ka bari." Ya kamata dattijon ya maimaita abin da ya ji, don a tabbata an fahimci juna. Ya kuma roƙa a rubuta masa da Hausa a jikin takardar maganin. Tunda yanzu ya iya karatu, wannan rubutu zai amfane shi.

A cikin asibitin nan dai, kalmar za ta yi ta sake riga. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce "take a seat", cewa ta yi a zauna. Kada a sungumi kujerar gwamnati. "Take blood" ɗibar jini ne. "Take temperature" auna zafin jiki. "Take her to Katsina" kuwa a kai ta Katsina. A nan "take" ta zama kai. Alamar ita ce ƙaramar kalmar nan "to", da sunan wuri a bayanta.

A gona da rumbu

Manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa a kan kogin Karaduwa a 1983, suna amfani da maganin feshi sosai. Haka masu wake da auduga a kan tudu. Jikin robar cike yake da Turanci, kuma "take" ba ta rasa fitowa. Amma a nan ba sha take nufi ba ko kusa.

"Take off contaminated clothing" na nufin a tuɓe tufafin da maganin ya taɓa. "Take the patient to a doctor" na nufin a kai wanda guba ta kama wurin likita. Sau da yawa ana ƙara cewa a yi "take" ɗin robar ko takardar jikinta. Wato a tafi da ita, don likita ya ga irin gubar da zai yi wa magani. "Take care" kuwa a yi hankali. Kalma ɗaya, a jikin roba ɗaya, ta zama tuɓe, ta zama kai, ta zama tafi da, ta zama kula.

Akwai wata ƙwaya da ake sa wa a buhun wake ko rumbu don kashe ƙwari. Ita ma "tablet" ake rubutawa a jikin gwangwaninta. Guba ce mai kisa, ko iskarta ma tana kisa a rufaffen ɗaki. Wanda ya saba ganin "tablet" kusa da "take" a asibiti, kada ya zaci duk inda ya ga "tablet" abin sha ne. Kada kuma a ajiye ta kusa da maganin mutane, ko inda hannun yaro zai kai.

Ƙananan kalmomi masu juya ta

Hausa tana sake ma'anar aikatau ta hanyar sake ƙarshensa. A ce ɗauka, ɗauke, ɗauko. Wanda aka ce ya ɗauko, zai zo da abin nan. Wanda aka ce ya ɗauke, zai kawar da shi. Turanci ba ya yin haka. Shi wata 'yar kalma yake liƙawa a baya, kamar "off", "over", "out", "back".

"Take off" kaɗai tana da fuska uku da aka saba gani. Ga tuɓe riga, kamar yadda aka faɗa. Ga tashin jirgin sama, kamar idan jirgin alhazai ya tashi daga filin jirgi na Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Ga kuma fara aiki. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011. Mai Turanci zai kira lokacin da ta soma aiki da "take-off". Ba tashi sama ta yi ba.

"Take over" karɓar ragama ce. Tana iya zama cikin lumana, kamar sabon gwamna ya karɓi mulki daga tsoho. Tana iya zama da ƙarfi, kamar yadda sojoji suka ƙwace mulki daga Shugaba Shehu Shagari ran 31 ga Disamba, 1983. Kalmar ba ta bambance ba. Labarin ne yake bambancewa. "Take back" mayarwa ne ko karɓe abin da aka bayar. "Take out" fitarwa. "Take part" shiga cikin abu a yi da kai. "Take place" kuwa aukuwa. Idan takardar makaranta ta ce taron iyaye zai yi "take place" ran Asabar, ana nufin ran Asabar za a yi shi.

A nan akwai tarkon da ya kama iyaye da yawa. "Take an exam" ba cin jarrabawa ba ne. Zama ne a rubuta ta kawai. Yaro yana iya yin "take" ɗin jarrabawar WAEC ko NECO ya faɗi warwas. Kalmar cin jarrabawa daban take, ita ce "pass". Uban da ɗansa ya ce masa "I took the exam", kada ya yanka zakara tukuna. Ya jira sakamako.

Na'urar banki ita ce mai sauƙin kai. Idan ta rubuta "take your cash", ɗauki kuɗinka take cewa. "Take your card", zare katinka. A nan ma'anar firamare ta yi aiki. Amma idan ma'aikacin banki ya ce abu zai yi "take two days", cewa ya yi zai ci kwana biyu. Yanzu a rediyo an fi jin "zai ɗauki kwana biyu", da "an ɗauki mataki". Da alama daga Turanci masu fassarar labarai suka kwaso wannan salo. Tsofaffi dai "ci" suka fi sawa a wurin kwana, kuma ta fi daɗin ji.

Takardar da ba a wasa da ita

Takardun kotu da na lauyoyi suna yawan farawa da manyan harufa kamar haka: TAKE NOTICE. Ma'anarsa, ka sani, ana sanar da kai. Abin da ya biyo baya yakan zama rana da wuri, ko wa'adi. Yana iya zama ranar shari'ar gona. Yana iya zama wa'adin tashi daga gida ko rumfa. Wanda ya karɓi irin wannan takarda ya cusa ta ƙarƙashin katifa, ranar za ta zo ta wuce. Kotu kuwa tana iya ci gaba da shari'a ba ya nan, tunda an riga an sanar da shi. Duk takardar da ta fara da waɗannan kalmomi biyu, a nemi mai karanta ta a ranar da ta zo.

Wani lokaci kuma "take" tana ɓoye a cikin wata doguwar kalma. "Undertaking" ita ce ta fi shafar mutanen karkara. Alkawari ne a rubuce. Ana sa mutum ya sa hannu a kansa a ofishin 'yan sanda, ko a kotu, ko a makaranta, ko wurin ba da rancen taki. Da mutum ya dangwala yatsa, ya ɗaure kansa da duk abin da ke ciki, ko ya sani ko bai sani ba. Yana da kyau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni dama ɗana ya karanta mini tukuna." Mai gaskiya ba zai hana ba. A Ingila kuwa "undertaker" shi ne mai sana'ar shirya gawa da binne ta. Harufa kaɗan ne suka raba su.

"Overtake" ita ce mota ta sha gaban mota. Direbobi sun mai da ita obatekin a bakinsu. Allon da aka rubuta "No overtaking" yana hana wuce wata mota a wannan wuri, galibi saboda kwana ko gada ko tudu. Fasinjan da ya taso daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi, idan ya iya karanta wannan allo, yana da bakin ce wa direba ya yi haƙuri. "Caretaker" mai riƙon ƙwarya ne, kamar kantoman da ake naɗa wa ƙaramar hukuma kafin a yi zaɓe. "Mistake" kuskure. Ita ma daga wannan gida ta fito, asalinta ɗaukar abin da ba shi ba.

Turancin gida

Mutanen Nijeriya ma sun ƙara wa kalmar nasu kaya. Idan aka ce mace "has taken in", a nan ƙasar ana nufin ta sami juna biyu. Mutumin Ingila ba zai gane haka ba. Idan ɗan kudu ya ɗaga yatsa a tasha ya ce "take time", ba cewa ya yi a huta ba. Kashedi ne, wato ka shiga taitayinka. "They have taken light" kuwa daidai yake da "an ɗauke wuta". Har yanzu NEPA ake ɗora wa laifin a baki, ko da yake an sake mata suna tun 2005, kuma tun 2013 kamfanin KEDCO ne yake raba wuta a Katsina da Kano da Jigawa.

Wani abin mamaki shi ne, ita kanta "take" baƙuwa ce a Turanci. Turawan Ingila na dā wata kalma suke da ita, "niman". Sai mutanen ƙasashen Denmak da Norwe suka riƙa zuwa ta teku, suna yaƙi, suna zama a Ingila. A harshensu akwai "taka". Kimanin shekara 1000 da suka wuce ta fara shiga bakin mutanen Ingila. Sannu a hankali ta kori 'yar gida, ta gaje wurinta. Kamar dai yadda "allura" da "littafi" suka zo Hausa daga Larabci, "asibiti" da "mota" suka zo daga Turanci, yau ba mai ganin su baƙi.

Kuma ba ita ce ta fi yawan ma'ana ba. A bugun Oxford na 1989 kalmar "set" ce a gaba. Da aka sake nazarin kalmar "run", wadda yara suka sani da gudu, a 2011, sai aka samo mata ma'anoni 645. Kalmomin da aka fi amfani da su kullum su ne suka fi tara ma'ana, a kowane harshe. Su ne kamar tsohuwar fartanya, ba aikin da ba a sa ta ba.

Yadda ake neman ta a ƙamus

Akwai ƙamus na Turanci zuwa Hausa da za su taimaka. Akwai "Kamus na Turanci da Hausa" na Neil Skinner, wanda ya fito a 1965. Akwai na Roxana Ma Newman na 1990, wanda ya fi shi girma. Malaman makaranta da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma sun san su. Wayoyin hannu ma yanzu suna fassara. Amma waya takan kawo ma'ana ɗaya tak idan aka ba ta kalma ɗaya. Gara a rubuta mata jimlar gaba ɗaya. A kan magani da takardar kotu kuwa, a haɗa da tambayar mutum.

Wanda ya ga "took" ko "taken", ya neme su a ƙarƙashin "take", don can aka tara bayaninsu. Idan ya sami wurin, zai ga ɗauka ce a sama. Kada ya rufe littafin. Ya dubi kalmar da ta biyo bayan "take" a takardarsa, sa'an nan ya bi shafin da yatsa har ya same su tare.

A gwada da wannan. Malamar makaranta ta ga yaro da ubansa, ta yi murmushi ta ce, "He takes after you." Wanda ya tsaya a ma'anar farko zai haɗa ɗauka da baya, ya ji kamar an ce yaron yana ɗauke kaya idan uban ya juya baya. Har ransa ya ɓaci. Wanda ya bi shafin zuwa ƙasa zai tarar da "take after" a jere da 'yan'uwanta. Ma'anarta, yaron ya yi kama da ubansa, ya gado shi.